Jabun Magani da Maganin Gaskiya: Nazari kan Silimar Wen Muye

A shekarar 2018 ne Wen Muye ya fito da silimarsa mai suna Dying to Survive, wadda ta girgiza ƙasar Sin. Tushen labarin gaskiya ne. Wani ɗan kasuwa, Lu Yong, ya kamu da sankarar jini a 2002, a lokacin da maganinta, Glivec na kamfanin Novartis, yake cin yuwan 23,500 a wata. Sai ya koma ga irinsa da ake haɗawa a Indiya da araha, yana kuma nuna wa sauran majinyata hanya. Hukuma ta tuhume shi da sayar da jabun magani, kafin ta janye tuhumar a 2015.

Ƙarfin silimar yana cikin yadda ta jera masu sayar da magani biyu. Na farko, Cheng Yong, mai shagon maganin maza ne da ya shiga fasaƙwaurin ƙwayoyin Indiya don kuɗi. Ƙwayoyinsa haramtattu ne, amma suna aiki. Na biyu, Zhang Changlin, ɗan damfara ne mai shigar masana, yana tara marasa lafiya a zaure yana sayar musu da abin da ba ya warkar da kowa. Doka ta kira su biyun masu jabu. Jikin majinyaci kuwa ya san bambanci. Silimar ba ta ɗauki masu zuwa wurin Zhang a matsayin wawaye ba. Tsada ce ta kora su can, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Rauninta shi ne ta mai da jarumin lafiyayye mai ceto, alhali Lu Yong kansa majinyaci ne. Ta haka ta rage wa marasa lafiya ƙwazonsu. Wakilin kamfanin ma an zana shi mugu tsantsa, ba a bincika batun haƙƙin ƙirƙira ba, wanda Kotun Ƙolin Indiya ta hana Novartis a 2013.

A 2019 Sin ta gyara dokarta, ta daina lissafa irin wannan magani cikin jabu. Mai kallo daga Maraɗi ko Damagaram, inda Yamai take da nisa, mai tallar magani kuwa yake bakin kasuwa, zai gane darasin: wa'azi ba ya korar ɗan damfara, sai in maganin gaskiya ya sauko inda hannun talaka zai kai.