Yankan tiredi: daga injin tana na hannu zuwa mai kwamfuta

Duk injin da ke aiki a ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, noti da ƙusa ne ke riƙe da shi. Injin niƙa, injin ban-ruwa na 'yan fadama, babur, janareto, da zarar tiredi guda ya cinye sai aiki ya tsaya cik. A ƙauye irin Tungar Guru, abin da ya rage shi ne a kwance ƙarfen a ɗaure a bayan babur, a nufi gari wajen mai tana. Shi ne zai cike wurin da walda, ya fere shi ya koma daidai, sannan ya yanka sabon tiredi. Yanzu kuma samari, musamman waɗanda suka ɗanɗana karatun injiniya a makarantu irin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ko ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, sun fara sha'awar ƙananan injinan tana masu aiki da kwamfuta, irin waɗanda ake shigowa da su daga Sin. Da yawa suna zaton kwamfuta za ta raba su da wahalar tiredi. Ba na jin haka, kuma dalilina yana cikin yadda aikin kansa yake.

Tiredi tsagi ne guda ɗaya da ya naɗe ƙarfe. Kafin ya fito daidai, dole juyin ƙarfen da tafiyar wuƙa su yi tafiya tare: ƙarfe ya zagaya sau ɗaya, wuƙa ta matsa tazarar tsagi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Wajen shekarar 1800 Henry Maudslay a Ingila ya daidaita injin da ke yin wannan ta hanyar haɗa juyin da doguwar sanda mai tiredi, da giyoyin da ake canzawa. Har yau wannan tsari ne ke cikin tsofaffin injinan da masu tana ke aiki da su a Gusau da Kano da Kaduna. Giya ba ta mantuwa. Idan wuta ta yi ƙasa injin ya rage gudu, wuƙar ma ta rage, domin haƙoransu a sarƙe suke.

Inda masu tanarmu suka fi shan wahala shi ne rikicin ma'auni, wanda gado ne na tarihi. Joseph Whitworth ya fito da nasa tsarin a 1841, da kusurwar tsagi digiri 55. William Sellers na Amurka ya kawo nasa a 1864, digiri 60. Tsarin milimita shi ma 60 ne, amma tazararsa daban. Dukkansu ukun suna yawo a kasuwanninmu. Ƙusa mai rabin inci ta Whitworth tsagi 12 gare ta a inci guda, ta Amurka 13, ita kuwa M12 ta tsarin milimita da ta yi kama da su a ido tazararta milimita 1.75 ce, wato tsagi 14 da rabi a inci. Sai yaron shago ya ɗaura noti ya zagaya sau biyu ya cije, ya ce, "Maigida, ya ƙi shiga." Idan aka yi rashin sa'a, amsar da zai samu ita ce ya sa masa baƙin mai ya danna da babban sifana. Notin zai shiga, amma ya riga ya kashe tiredin, bayan mako biyu mai injin ya dawo yana mita.

A nan nake da ƙorafi kan yadda ake koyar da sana'ar. Gwanintar masu tana ba abin rainawa ba ce. Mutumin da zai wasa wuƙarsa da hannu a kan dutse, ya saurari kukan ƙarfe ya san wuƙa ta dakushe, ya ceto shaf ɗin da ba a samun sabonsa a kasuwa, ya cancanci girmamawa. Amma sau da yawa ma'auninsa ɗaya ne, wato notin da mai aiki ya zo da shi. In ya shiga, aiki ya yi. Ɗan ƙaramin ma'aunin tiredi mai ganyaye kamar mataji, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ba kowane shago ke da shi ba. Yaro kuma yakan shekara yana ganin ana ɗaura giya mai haƙora 127 ba a taɓa gaya masa dalili ba, alhali dalilin gajere ne: inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato 127 raba biyar, shi ya sa injin da sandarsa ta inci ce ba ya yanka tiredin milimita daidai sai da ita.

To, a injin kwamfuta an cire giyoyin nan gaba ɗaya. Mota guda ke juya ƙarfe, wata ƙarama daban ke tura wuƙa, kuma babu abin da ya haɗa su sai ɗan idon lantarki da ke ƙirga juyi yana sanar da kwamfuta. Mafi yawan matsalolin tiredi a ƙananan injinan nan daga wannan idon suke, ko daga rashinsa. Manhajar Mach3 alama ɗaya take karɓa a kowane zagaye, sauran tafiyar kuma ta yi kirdado. LinuxCNC tana iya karanta alamomi masu yawa a zagaye guda, don haka tana bin ƙarfen ko da ya rage gudu. Ita kuwa Grbl ta asali, wadda ke cikin allunan masu araha, ba ta bin juyin ƙarfe ko kaɗan, kuma wanda ya saya bai sani ba zai yi ta zargin hannunsa a banza.

Mu ɗauki tiredi mai tazarar milimita 1.5, ƙarfe na juyi 600 a minti. Wuƙa za ta yi tafiyar milimita 900 a minti ke nan. Sai wuƙa ta kama ƙarfe, janareto ya yi nishi, juyi ya sauko 570. Idan kwamfuta ba ta ji ba, tazarar ta koma kusan 1.58. A tsagi goma kuskuren ya haura rabin tsagi, babu notin da zai bi shi. Wannan matsala ta fi damun mu fiye da mai irin wannan injin a Jamus, saboda wutar da muke aiki da ita ba ta tsayawa wuri ɗaya. Maganinta shi ne a rage gudu ta hanyar sauya bel zuwa fulin da ya fi ƙarfi, a ɗaure bel ɗin kada ya zame, a riƙa cin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Zurfin tsagin kimanin milimita 0.9 ne kawai, amma gara a kai shi a bi takwas ko goma.

Wata matsalar kuma ita ce wuƙa ta dawo bi na biyu ta faɗa gefen tsagin farko, tiredi ya fito biyu-biyu ko ya goge. Ko dai idon yana ganin alamar ƙarya saboda datti da hayaniyar wayoyin mota, ko an canza gudu a tsakiyar aiki, ko ƙaramar motar ta kasa gudun da aka nema ta tsallake taku. A kuma fara tafiyar wuƙa daga nesa da bakin ƙarfe, kamar tsagi uku, don ta kai cikakken gudunta kafin ta taɓa.

Sauran matsalolin duk tsofaffi ne, kuma dattijon mai tana zai gane su da kallo ɗaya: wuƙar da ba ta tsaya daidai tsakiyar ƙarfe ba, kusurwar da aka wasa ba daidai ba, dogon ƙarfe siriri da ke lanƙwasa saboda ba a tokare shi ta baya ba, keken wuƙa da ke wasa. Ba a gyara waɗannan da danna maɓalli.

Akwai wani abu da ya shafi wannan yanki musamman. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta, Abare, Yargalma da Tungar Guru, kuma yara kimanin 400 suka rasu. Sanadin shi ne niƙa dutsen zinariya a busasshe da injinan da aka ƙera don hatsi. Dutse yana cinye sandar matse faifan injin da sauri, don haka irin waɗannan ƙarafa na isa shagon mai tana da ƙurarsu a jiki. A wanke su da ruwa kafin a taɓa, kada a hure su da baki ko da iska, kada kuma a shiga gida da kayan aikin. Niƙa da ruwa, wanda masana suka ba da shawara don rage ƙurar, shi ma yana buƙatar injina da masu gyara na kusa waɗanda aikinsu ba ya kwancewa.

Shawarata ga saurayin da ke tara kuɗin injin kwamfuta ita ce ya fara zama wajen mai tana har sai ya yanka tiredi da hannunsa noti ya bi salin-alin. Masu shaguna kuma, don Allah a sayi ma'aunin tiredi a rataye kusa da injin, a koya wa yara lissafin giya tun suna sabbin shiga.