Almagili da Miyagun Malamai: Ɗan Tsokaci

Kusa da Tegidda-n-Tesumt, garin gishiri a jihar Agadas, akwai kufan Azelik, wanda masu binciken tarihi suka ɗauka shi ne tsohon birnin Takedda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. A Takedda Shaihu Muhammadu Almagili ya yada zango ya karantar, kafin ya wuce Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), daga bisani kuma Gawo wajen Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin daular Songai a 1493.

Askiya ya gabatar masa da tambayoyi bakwai. Ta farko ta shafi malaman da ba su ƙware a Larabci ba, amma suna ba da fatawa. Almagili ya raba malamai gida biyu, watau masu tsoron Allah, da miyagu masu cin dukiyar jama'a da sunan addini. Shawararsa ita ce sarki ya nisanci miyagun, ya jawo nagari. A littafin Tajuddini da ya rubuta wa Rumfa, ya gargaɗi sarki kada ya ɓoye kansa daga talakawa.

Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ya auna malami da aikinsa, ba da rawaninsa ba. Rauninsa kuwa, ya bar wa sarki ikon tantancewa. To, idan sarkin ne ke ciyar da miyagun malamai, wa zai kore su?

Tarihi ya fito da wannan rauni fili. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshin Almagili, kuma a Kitabul Farƙi ya soki gaisuwa da jangali, yana kiransu da sunayensu na Hausa. Amma jihadin 1804 bai yi nisa ba sai ƙanensa Abdullahi ya ga son duniya ya shiga jama'ar, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam.

Ya kamata masu shirya littattafan yaƙi da jahilci su mayar da waɗannan rubuce-rubuce cikin sauƙaƙƙiyar Hausa. Sai dai mai fassara ya kula: gaisuwa, toshi da hanci ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma a tsakaninsu ne maciyi ke samun mafaka.