Sabuwar Fuskar Wikipedia da Baƙon da Aka Goge wa Rubutu

A watan Janairun 2023 Wikipedia ta Turanci ta sauya fuska, babban gyara na farko da aka yi mata tun 2010. An rage faɗin rubutu, an ɗauke jerin kanun sassa daga cikin maƙala aka mayar da shi gefe, maɓallin sauya harshe kuma ya hau sama kusa da take. Tsofaffin editoci suka yi caa, wasu na neman a dawo da tsohon tsari, aka shafe makonni ana kai ruwa rana.

Suna da haƙƙin ƙorafi, domin guminsu ne ya gina wurin. Sai dai duk mai rajista yana iya komawa tsohon tsarin daga saitin asusunsa. Wanda ba a ji muryarsa a muhawarar ba shi ne baƙo, wato sabon edita, alhali matsalarsa ta fi faɗin shafi girma.

Tun 2007 yawan masu gyara a Wikipedia ta Turanci ya fara raguwa. Aaron Halfaker da abokan aikinsa sun bi diddigin lamarin a wani bincike da ya fito a 2013, suka gano cewa matakan da aka kafa don korar masu ɓarna suna korar masu kyakkyawar niyya ma. Mutum zai yi gyaransa na farko da zumuɗi, kafin ya ankara an soke shi, sannan a liƙa masa gargaɗin da manhaja ta tsara, ba sallama ba bayani. Da yawa daga nan ba sa sake leƙowa.

Abin da ya taimaka ba wani abin mamaki ba ne. A 2012 aka buɗe Teahouse, wani zaure inda sabon shiga zai yi tambaya komai ƙanƙantarta, gogaggen edita ya amsa masa da sunansa cikin mutunci. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna waɗanda aka gayyata can sun fi daɗewa suna aiki. Gidauniyar Wikimedia, mai ɗaukar nauyin Wikipedia, ta ɗora a kai da shafi na musamman ga sabbi, mai haɗa kowa da jagora, ya kuma miƙa masa ƙananan ayyuka kamar haɗa wata maƙala da wata.

Wannan shi ne irin gyaran tsari da ya cancanci a yi jayayya a kansa, kuma Wikipedia ta Hausa ta fi buƙatarsa, tunda hannayen da ke aikin ba su da yawa. A ɗauki ɗalibar da ke rubuta tarihin garinsu da wayar hannu, data na ƙarewa, madannin wayar ba shi da ƙ, ɗ ko ɓ. Za ta rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", wataƙila ta manta madogara. Goge aikinta ba ya cin daƙiƙa biyar. Gyara mata haruffan, da bar mata saƙon "sannu da ƙoƙari, ga yadda ake saka madogara", zai ci minti biyar ne, kuma edita mai kishin harshen ya kamata ya ba da waɗannan mintunan tun kafin ya taɓa maɓallin sokewa.