Wa Ya Ci Kuɗin 'Yar Kano-Jidda?

'Yan uwana mata, yau zan taɓo wata magana wadda kowaccenmu ta san ta, amma sai dai a yi ta a ɗaka da murya ƙasa-ƙasa. Maganar kuwa ita ce ta matan nan namu da ke tafiya Saudiyya da bizar Umara, in an gama ibada su saje cikin jama'a, su zauna shekara da shekaru babu takarda, har ranar da za a kamo su a zubo su a filin jirgin Malam Aminu Kano. Mu a cikin gari mun raɗa musu suna 'yan Kano-Jidda, can kuma takari ake ce musu. Daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Sheshe zuwa Gwammaja, da wuya ki shiga lungun da ba a san labarin ɗaya daga cikinsu ba.

Mu ma a gidanmu akwai. Gwaggona ce, ƙanwar babanmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, uku mata, ga gidan ƙasa da ke yoyo duk damina. A shekarar 2004 ta sayar da kekenta na ɗinki da ɗan filin da ta gada, ta danƙa wa wani ejan, ya yi mata fasfo da biza. Shekara tara ta yi a Jidda tana aikatau: wanki, guga, shara, raino, goge bene tun daga sama har ƙasa. Duk lokacin da alhazai za su dawo sai saƙo ya iso, wani lokaci riyal a ƙulle a gefen mayafi a kai Wapa a canzo, wani lokaci atamfa da turare da dabino. Da kuɗin nan aka aurar da 'yan matan nan uku, kowacce da gado da kujeru da garar da aka yi ta zancenta a unguwa. Da su aka rushe gidan ƙasa aka ɗora bulo. Ni kaina na ɗaura zanen da ta aiko, ba zan ɓoye miki ba.

To, sai shekarar 2013 ta zo. Hukumomin Saudiyya suka ba da wa'adi na wasu watanni, duk wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya gyara takardunsa ko ya fita salin-alin. Da wa'adin ya cika a farkon watan Nuwamba sai aka shiga kame gida-gida, kasuwa-kasuwa. A hanyarta ta zuwa aiki aka tare Gwaggo. Aka kai ta wurin da suke kira tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki hoton yatsunta, daga nan sai jirgi. Wallahi da abaya ɗaya da silifas da 'yar leda ta shigo zaurenmu. Albashinta na wata biyar yana hannun uwar ɗakinta, kuɗin adashinta yana hannun wata da ita ma an kama ta, akwatunanta biyu suna ɗakin haya da ba za ta sake gani ba.

Ni ba ƙasar mutane zan zaga ba. Kowace ƙasa tana da ikon ta san wa ya shigo mata, wa ya fita. Amma ya kamata mu fahimci yadda tsananta doka yake aiki a jikin mace irin Gwaggo, domin masu tura 'ya'yansu ba su san wannan ba. A 2017 an sake ba da wa'adin kwana 90, aka sake shiga kame. Daga baya aka sa hukunci mai nauyi a kan duk wanda ya shigo da baƙon haure, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ba shi masauki: ɗauri har shekara 15 da tara har riyal miliyan ɗaya. To ke a tunaninki wa zai biya kuɗin wannan tsoro? Mai ɗakin haya zai ce kasada yake yi, sai ya ninka kuɗin haya. Mai mota zai ninka nasa. Uwar ɗaki kuwa ta san ba ki da igama, ta san ba za ki iya zuwa gaban hukuma ki ce an danne miki haƙƙi ba, sai ta rage albashi, ko ta riƙe shi gaba ɗaya. In ciwo ya kama ki sai dai ki sha Panadol ki kwanta, saboda asibiti takarda za su tambaya. Yaran da aka haifa a can kuwa, Allah sarki, babu takardar haihuwa, babu makaranta, ranar da aka kwaso su a sauke su a Kano suna Larabci, ba su san ko Ƙofar Mata ba.

Shi kuma ejan fa? Shi dokar ba ta taɓa ko gefen babbar rigarsa ba. Hasali ma kasuwa ta buɗe masa, don duk lokacin da hanya ta ƙara wuya sai ya ƙara farashi, ya ce yanzu sai an bi ta wata ƙasa, sai an sa hannun wane. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP don yaƙi da fataucin mutane, amma mu nawa ne muka taɓa kai ƙarar ejan? Ai ɗan unguwa ne, sahu ɗaya yake da mazajenmu a masallaci, kunya ba za ta bari ba.

Sai dai fa, ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nan ne nake so mu tsaya mu kalli kanmu, mu matan gida. Wa ya ce ba a kai amarya sai da saitin kujeru da firji da labule na gani na faɗa? Wa ke zuwa ganin ɗaki ya buɗe kabet yana ƙirga kwanuka, ya fito yana taɓe baki? Wa ke yi wa uwar amarya gori a gidan biki cewa garar 'yarta ko jaki ɗaya ba ta cika ba? Mu ne. Bazawarar da ba ta da ko sisi, ga 'yan mata uku sun tasa, ta san abin da ke jiran ta a bakinmu, shi ya sa ta zaɓi ta je ta goge bayan gidan wasu da dai ta sha wannan gori. Ga kuma naira da ke ta faɗuwa, har a 2024 riyal ɗaya ta haura naira 400, sai yarinya ta zauna da biro ta yi lissafi, ta ga albashin 'yar aiki a can ya fi na malamin makaranta a nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan dawowar. Waɗanda suka ci riyal ɗin nan su ne suka fara raɗa. Wai ai kowa ya san abin da 'yan Kano-Jidda suke yi a can. Haba jama'a! Lokacin da ake jera kujeru babu wadda ta tambayi abin da ake yi a can. Ɗaya daga cikin surukan Gwaggo, wanda har yau a kan gadon da ta saya yake kwana, sai da ya hana matarsa zuwa gaishe ta na wata biyu, wai kada ta koya mata buɗewar ido. Ban ce babu masu lalacewa ba, akwai su, kamar yadda suke a nan cikin ganuwa ba tare da sun hau jirgi ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Za ki ji tsofaffi suna cewa ai Makka gidan kowa ne, kakanninmu da ƙafa suka je. Gaskiya ne. Sun bi ta Barno da Chadi da Sudan, suna noma a hanya, wani ya shekara bakwai bai isa ba, wasu suka yi zamansu. Garin Mai Wurno da ke Sudan ma mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau akwai 'yan ƙasar Saudiyya masu amsa sunan Hausawi. To amma wancan zamanin babu na'urar da ke karanta yatsa. Yanzu kwamfuta ta san ranar da kika shiga da ranar da ya kamata ki fita, ba ta kuma san kakanki ba.

Kuma kafin mu cika baki da cewa an wulaƙanta mu, mu tuna mu ma mun yi wa wasu. Ina 'yar firamare a watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Nijeriya. Kuɗin mai ya ja baya, aiki ya yi wuya, ga tabon rikicin Maitatsine na 1980 bai warke ba a Kano, sai aka ce baƙi ne matsalar. Mutane wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da muke kiran ta da shi yau. Malaminmu na lissafi ɗan Gana ne, ranar Litinin muka zo babu shi, muka ƙare zangon nan babu mai koya mana. Su ma 'yan Gana a 1969 sun kori namu, har da Hausawa fataken goro da aka haifa a zango. Bayan korar 1983 ban ga shinkafa ta sauko ba, kafin shekarar ta ƙare ma layin sayen madara da sabulu muke bi.

Gwaggo yanzu awara take soyawa a ƙofar gidan bulon nan da ta gina, gwiwoyinta sun ƙi, sai da sanda take miƙewa. Watan jiya na je gaishe ta na tarar da autarta, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida da yara biyu, tana zaune a bakin gado da sabon fasfo a hannu. Wai wani ya ce zai yi mata hanya, rabin kuɗi yanzu, rabi in ta fara aiki. Na ce ta tambaye shi bizar mece ce, ta aiki ce mai kwantiragi da igama ko ta Umara, sunan wa ke jikin takardar, nawa ne albashin a rubuce, kuma fasfon a hannun wa zai zauna. Ta ce, “Yaya, ai in na yi masa waɗannan tambayoyin zai ce ban yarda da shi ba.” Na juya wajen Gwaggo ko za ta sa baki. Ta daɗe tana kallon fasfon, can ta ce mata, “In kin tafi, yaran nan wa za ki bar wa? Ni dai ƙafata ba ta kai ni ko bakin famfo.”