Farautar Kurege: Daga Bakin Rami Zuwa Murhu

Idan an gama roron gyaɗa a gonakin Kiru, an ɗaure dawa an kai rumbu, iskar hunturu ta fara busar da ciyawa, akwai wani mutum da za ka riƙa gani da hantsi yana tafe a gefen gona, kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Kere a hannu, wuƙa a ƙugu, dagi a kafaɗa, kare na biye da shi. Mai farautar kurege ke nan, kuma ni a wurina yana cikin gwanayen da ba a ba su girman da ya kamace su ba. In ana zancen farauta, hankali yakan tafi wurin maharban da ake yi wa kiɗa, masu laya da kambu, masu labarin ɓauna da gwanki. Amma naman dawa da ya fi shiga tukunyar manomi, daga Yako har Kwanar Dangora, na ƙananan dabbobi ne: kurege, zomo, gafiya, makwarwa.

Kurege ba ya kamuwa da ƙarfi. Ƙaramin abu ne, da wuya ya haura kilo ɗaya, gashinsa kalar ƙasar da yake zaune a kai, da farin zane a kowane gefe. Namu na nan ba mahayin bishiya ba ne, ɗan rami ne. Ba ya fitowa da sassafe, sai rana ta ɗan ɗumama ƙasa. In ta take tsaka ya koma inuwa, sai la'asar kuma ya sake leƙowa. Kafin ya sa baki a kan komai sai ya miƙe a kan ƙafafun baya ya duba gabas da yamma, kuma ba ya nisa da ƙofarsa. Ba banza tatsuniya ta ba shi wayo ba. Manomi kuwa ya san shi ta wata fuskar: shi ne mai bin layin shuka yana tono irin masara da gyaɗa tun kafin su tsiro, ya dawo da kaka ya haƙe rogo da dankali. Shi ya sa mai gona ba ya ɓata rai in ya ga mafarauci a kan iyakarsa.

Gwanintar tana farawa ne daga karatun ƙasa. Rami ba ya ƙarya ga wanda ya iya tambayarsa. In gizo ya yi saƙa a bakinsa, mai gida ya tashi tuntuni, a wuce. In akwai sabuwar ƙasa a ƙofa, da ɓawon gyaɗa da aka fasa jiya, da ƴar siririyar hanya da ta kwantar da ciyawa zuwa gona, to ana ciki. In aka tarar an toshe ƙofar da ƙasa daga ciki, kurege ne ya rufe ɗakinsa ya kwana bai fito ba tukuna. Yana son gindin sabara da kalgo, da tsakanin duwatsu, da tsohon suri. Yaron da aka fara fita da shi, da ya ga rami sai ya ɗaga murya: "Kawu, ga shi nan!" Kawun ba zai ko kalli wajen ba. Zagaye zai fara yi, don ya san ramin kurege ba ƙofa ɗaya gare shi ba, kuma wadda ka gani da sauƙi ba ta nan zai fita ba. Sai ya gano sauran ya toshe su da dutse ko hoge, ya bar guda, ya tsayar da kare a gefen da iska ba za ta kai warinsa ciki ba, sannan dagi ya fara aiki.

Darasin farko da ake koya wa yaro shi ne kada ya kuskura ya zura hannu a rami. Kububuwa da gamsheƙa su ma ƴan haya ne a irin waɗannan gidaje, kuma shi kansa kurege cizonsa yakan yi ruwa ya daɗe bai warke ba. Da sanda ake tambaya.

Sai lokacin da ya fi kowanne daɗin kallo. Kurege ya ga ɗaki ya yi zafi, ya fito kamar kibiya, wutsiya a buɗe. Hausawa na cewa kere na yawo, zabo na yawo, wata rana za a haɗu, amma haɗuwar ba ta sa'a ba ce kawai. Gwani ba ya jifan inda dabba take, inda za ta kai yake jifa, kuma ƙasa-ƙasa, keren na juyawa yana sharar ciyawa, don ya daki ƙafafu. Zomo kuma wani lissafin ne daban, shi ba ya rami, kwanciya yake a gindin ciyawa har ka kusa taka shi, in ya tashi ya yi ta karkacewa hagu da dama. Wannan aikin kare ne da haƙurin mai kare.

Da dabba ta faɗi, mafarauci Musulmi gudu yake, wuƙa a zare. Abin da sanda ta kashe ba a kai ga yanka shi ba mushe ne. Suratul Ma'ida ta ambaci wannan, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta babin yanka da farauta. Shi ya sa ake yin bisimilla tun wajen sakin kare, ake kuma auna ƙarfin jifa: a kayar, a iske da rai. Haka ma masu banka wa gafiya hayaƙi a rami. Wanda ya iya yana sa ɗan kaɗan ne da zai kore ta waje, wanda bai iya ba ya cika wuta, ya tone ya tarar da gawa. Ni wannan ne ya fi burge ni a sana'ar: mutum na tsaka da zafin bi, numfashi sama-sama, amma hannunsa bai manta iyaka ba.

Rabin aikin yana nan bayan yanka, kuma a nan ake gane ɗan gado. Nama ƙarami ba ya jira. Kurege babbaka ake masa, da harshen wutar kara ko busasshiyar ciyawa, ba garwashi ba, ana juya shi da sauri ana kankarewa da bayan wuƙa har fatar ta yi ja ba ta tsage ba. In ta tsage, ɗan kitsen da ke ƙarƙashinta ya tsiyaye a wuta, daɗin ya tafi. Zomo fatarsa sirara ce, an fi feɗe shi, a zare ta kamar riga. Wajen farke ciki ana ɗaga fata da yatsu biyu, bakin wuƙa na kallon sama, don kada a huda hanji ko mafitsara. A cire matsarmama daga jikin hanta a hankali. Ta fashe, naman ya yi ɗaci. A duba hantar: in tana da fararen ɗigo ko ta kumbura, a haƙura da dabbar gaba ɗaya. Gafiya kuma sai an buɗe kumatunta an wanke, don jaka ce take tara abinci a ciki.

Ita gafiyar nan da muke rainawa, a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ƙungiyar APOPO na horar da danginta su shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, da cutar tarin fuka a majina. Mafarautanmu sun daɗe da sanin hancinta. Shi ya sa ba sa taɓa abincin tarko da hannu mai warin taba ko sabulu.

Daga nan zaɓi ne. In a daji za a ci, a shafa gishiri da yaji da garin ƙuli-ƙuli, a soke a tsinke, a jingina a gefen garwashin marke ko ƙirya, nesa kaɗan, don naman kurege ba shi da kitse sosai, wuta mai yawa tana mayar da shi igiya. In gida za a kai, farfesu ne gatansa: citta, masoro, kimba, kanumfari, tafarnuwa da daddawa, a bar shi ya daɗe yana dahuwa har ya saki ƙashi. In an samu da yawa a yi banda, a shanya a kan raga bisa hayaƙi mai sanyi kwana biyu ko uku, ya zama na jefawa a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a ci da tuwon masarar da ƙasar Tudun Wada da Doguwa ta yi suna da ita.

Dahuwa sosai ba zancen ɗanɗano ba ne kawai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin farauta. Ƙyandar biri da ta dawo Najeriya a 2017 ana danganta ta da dangin kurege da gafiya. Tsofaffin dokokin sana'ar sun riga sun tare hanya: ba a ɗaukar abin da aka tsinta a mace, ba a cin wanda ya kasa gudu, mai ciwo a hannu ba ya fiɗa, a wanke hannu da wuƙa da sabulu ko toka.

Daji kuwa ya ragu. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 noman rani ya cinye fadamu da dama, gona ta matso har gefen dajin Ɗansoshiya. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, ba wurin farauta ba ne a doka. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, su ƙone ciyawar dabbobin makiyaya da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin da ba a kwashe ba. Gwani ba ya haka. Da damina ta faɗi yana rataye kerensa, kuma in ya tone rami ya tarar da uwa da ƴaƴa, yakan mayar da ƙasa ya yi gaba.

Da la'asar sakaliya mafarauci zai shigo gari, kurege uku ko huɗu a rataye a igiyar rama. Kare ya riga ya samu rabonsa tun a daji. A aika wa mai gonar da aka yi farauta a cikinta guda, a miƙa wa uwargida sauran. Yaron da ya riƙe dagi tun hantsi, cinyar farko tasa ce.