Raɗin Sunan Kwamfuta: Sharhi a kan Maƙalar Don Libes da Jagorar Umarnin hostname

Ba kasafai manazarcin harshe yakan leƙa rubuce-rubucen injiniyoyi ba, su ma ba kasafai sukan nemi shawararsa ba. Amma akwai wata 'yar maƙala da ta cancanci a yi mata kallon nazarin harshe, watau wadda Don Libes, ma'aikacin hukumar ƙayyade ma'aunai ta Amurka, ya rubuta game da yadda ya kamata a zaɓa wa kwamfuta suna. An fara buga ta a 1989, sa'an nan a 1990 aka shigar da ita cikin jerin takardun tsara intanet da ake kira RFC, ta sami lamba 1178. Za mu duba ta tare da shafin jagorar umarnin hostname na tsarin Linux, domin ita maƙalar ta faɗi irin sunan da ya dace, shi kuwa shafin ya nuna yadda ake raɗa shi da yadda ake tambayarsa.

Kowace kwamfuta da ke haɗe da wasu tana da lambar adireshi, amma da suna mutane suke kiranta. Sunan nan kashi biyu ne, akwai nata na kanta, akwai kuma na yankin da take ciki. In an rubuta kuka.misali.ng, alal misali, "kuka" shi ne sunan kwamfutar, sauran kuwa sunan yanki ne, kamar dai a ce wane na gidan wane. A da, duk sunayen suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiya a Kalifoniya take rarrabawa. Da injuna suka yi yawa sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, aka bar wa kowane yanki ikon raɗa wa nasa suna.

Abin yabo ga Libes shi ne ya fahimci cewa suna abin furtawa ne. Ya ba da labarin wata kwamfuta da aka sa wa suna "up", kalmar da ma'aikata suke amfani da ita kullum in za su ce inji yana aiki, har zance ya riƙa sarƙewa, ba a san injin ake nufi ba ko halin da yake ciki. Daga nan ya hana sa wa kwamfuta sunan mai ita, ko sunan aikin da aka saye ta dominsa, tun da mutum yakan tafi, aiki yakan ƙare, injin kuwa yana nan. Shawararsa ita ce a zaɓi gajerun kalmomi na ainihi waɗanda ba a cika ambatarsu ba, kuma a ɗebo su daga rukuni guda wanda ba zai ƙare da wuri ba. Wanda ya ɗauki sunayen ranakun mako, ran da ya sayo inji na takwas ya shiga uku.

Sai dai kuma a nan ne gizo ke saƙar. Libes ya ce a yi amfani da kalmomi na ainihi, ya kuma ce kada a wuce baƙaƙe da alƙaluman da aka saba, bai lura ba cewa shawarwarin nan biyu a Ingilishi kawai suke tafiya tare. Ƙa'idar RFC 952 ta 1985 ba ta san kome ba sai baƙaƙe 26 na Ingilishi da alƙaluma da karan ɗori. RFC 1123 ta 1989 ta sassauta, ta yarda suna ya fara da alƙalami, amma ba ta ƙara baƙi ko ɗaya ba. To, bari mu ce malami ya zaɓi rukunin itatuwa don kwamfutocin sashensa. Kuka da tsamiya da giginya da gawo da marke za su shiga ba gardama, amma ɗorawa da maɗaci da ƙirya sai an sauke musu lanƙwasa. Wani zai ce ai rubutun boko ma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma muna karantawa lafiya. Gaskiya ne, amma a cikin jimla muke karantawa, inda kalma take jingina da 'yar'uwarta. Suna kuwa shi kaɗai yake tsaye, ba abin da zai raba "kasa" da "ƙasa", ko "baki" da "baƙi". An fito da hanyar shigar da baƙaƙen wasu harsuna cikin sunayen yanki a 2003, inda ake juya sunan ya koma wani jerin baƙaƙe mai farawa da xn--, amma wannan jeri ba mai iya kiransa a waya, alhali kira a baki shi ne dukan abin da Libes yake karewa.

Shafin jagorar hostname kuwa matsalarsa daban ce. Bayaninsa na farko sarai yake: a buga hostname shi kaɗai, kwamfuta ta faɗi sunanta, a bi shi da wata kalma, in mai bugawar yana da ikon shugabancin injin, sunan ya sake. Sakewar nan ba ta ɗorewa, da an kashe an kunna sai tsohon suna ya dawo daga fayil /etc/hostname. Inda shafin ya wahalar da mai karatu shi ne wajen sunan yanki. Duk wanda ya ga umarni mai suna domainname zai zaci yankin intanet zai nuna masa, alhali abin da yake nunawa yankin NIS ne, wani tsohon tsari na kamfanin Sun wanda aka fara kira Yellow Pages. A galibin injuna ma sai ya amsa cewa babu. Mai neman yankin intanet dnsdomainname zai buga, mai son cikakken suna kuma hostname -f, kuma wannan cikakken suna ba a sake shi da umarnin, daga /etc/hosts ko daga DNS yake fitowa. Shafin ya yi gargaɗi a kan wannan, ba a musu, amma gargaɗi ba ya warkar da kalma guda da aka ɗora wa ma'ana biyu. Abin mamaki, wannan shi ne ainihin laifin da Libes ya sa a farkon jerin abubuwan da ya hana.

Wannan ya shafi masu fassara kai tsaye. In muka fassara wuraren biyu da "yanki" kurum, mun gado ruɗanin ke nan, muka miƙa wa ɗalibai. Mu a ganinmu gara a bar "yanki" ga na intanet, a kira na NIS "rukuni", tun da ba kome ba ne illa tarin injuna masu duba kundi guda. Haka nan "mai masauki" da wasu suke fassara kalmar host da ita ba ta da amfani a nan, "sunan kwamfuta" ya wadatar.

Tsarin systemd, wanda yawancin Linux suke bi yanzu, ya zo da umarnin hostnamectl, ya raba sunan gida uku: tsayayye, da na wucin gadi wanda injin yakan samu daga hanyar sadarwa, da kuma na ado. Na adon nan yana karɓar kowane baƙi, har da ɓ da ɗ da ƙ, don haka malamin nan namu yana iya rubuta "Ɗorawa" daidai. Amma laƙabi ne na nuna wa mutane kawai. In wata kwamfuta ta zo nema, "dorawa" za ta tambaya.