Daga ɓad-da-kamar sarakuna zuwa tarwaɗar intanet

Kalmomin da Ingilishi yake da su na ɓoye kai suna nuna wanda aka yarje wa ya ɓuya, da wanda ake zargi in ya yi hakan. Kalmar incognito daga Italiyanci ta fito, tushenta kuwa Latin ne, ma'anarta wanda ba a sani ba. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, kuma kalmar manya ce. A shekarar 1697 sarkin Rasha Butrus Babba ya zaga Turai da sunan aro, Pyotr Mikhailov, har ya koyi sassaƙar jirgin ruwa a Holan. Kowa ya gane shi, amma sunan aron ya sauke masa nauyin bukukuwan fada.

Ba a jima ba mutanen Landan suka gutsure kalmar ta koma incog. A 1710 marubuci Jonathan Swift ya koka a jaridar Tatler kan irin wannan yanke kalmomi, ya haɗa ta da mob, wato gungun ƴan tarzoma, a matsayin alamar lalacewar harshe. Mob ta zauna daram cikin ƙamus, incog kuwa ta dusashe.

Da zuwan intanet sai ma'ana ta juya. Tun shekarun 1990 ake kiran sunan bogi da mutum yake buɗewa don ya yabi kansa sock puppet, wato ƴar tsanar safa da ake zura wa hannu a yi magana da bakinta. Catfish, sunan tarwaɗa, ya samu sabuwar ma'ana daga wani fim na Amurka na 2010, inda wata mata ta yaudari saurayi da hotunan wata daban. Dukansu biyu tuhuma ce. Incognito kuwa ta koma sunan wata taga ta Chrome tun 2008, wadda take share tarihin bincike a na'ura, ba ta ɓoye mutum ga masu kula da layin sadarwa.

Hausa ta raba ɓad-da-kama da sojan gona: na farko yana iya zama neman tsira, na biyu zamba ce. Mai fassara da ya gwamutsa su zai shafa wa ɗan jaridar da ya ɓoye sunansa don tsoron kurkuku baƙin da ya dace da mayaudari.